In An Ba Ka Ajiyar Kare Mai Tsoro

Da zarar an gama girbi an kai amfani rumbu, sai tafiye-tafiye su tashi. Wani ya tafi cin rani, wani ya bi motar kaya zuwa Kurmi, akawu kuma a tura shi wani gari ya yi wata biyu ko uku. Mai tafiya ya kan bar akuyarsa wurin ƙanensa, kajinsa wurin maƙwabci, ba kuwa wanda ya ke jin nauyin karɓa, don kowa ya san kiwonsu. Amma in abin da za a bari kare ne, balle ɗan ƙarami mai tsoro wanda bai saba da kowa ba sai ubangidansa, to, ya kamata mutum ya yi tunani kafin ya ce, "Kawo shi, Yaya, ba kome."

Irin karen da mu ke nufi kashi uku ne. Akwai ɗan kwikwiyo wanda a ke reno don gadin gona ko garke. Akwai ƙananan karnukan nan masu yawan gashi da aka samo irinsu daga ƙasashen waje, waɗanda wasu ma'aikata da 'yan kasuwa su ke ajiyewa a birane kamar Kano da Kaduna da Jos. Akwai kuma karen gida wanda ya sha jifa tun yana ƙarami, har ya zama ko ganye ya motsa sai ya firgita. Dukansu halinsu ɗaya ne a baƙon wuri. Kare mai tsoro abu biyu ya sani: gudu in ya sami hanya, cizo in bai samu ba. In ya gudu ka tozarta amanar ɗan'uwanka. In ya yi cizo, ran ɗanka ko na ɗan maƙwabci ne ya shiga hatsari. Sabo da haka aikin mai ajiya duka shi ne ya rage wa karen tsoro, ya kuma toshe hanyoyin nan biyu.

KAFIN MAI SHI YA TASHI

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana uku ko huɗu kafin tafiyar, mai karen ya kawo shi gidanka su ɗan zauna tare, ya bar shi ya shinshina ko'ina, sa'an nan su koma. In an yi haka sau biyu, ranar da za a bar shi gidan ba zai zama masa baƙo sarai ba.

A zaman nan ka tambayi abubuwa shida, in ka iya rubutu ka rubuta. Me ya ke ci, sau nawa, kuma a wane lokaci? Da wane suna a ke kiransa, da wace irin murya ko fito? Me ya fi ba shi tsoro? Ya taɓa cizon wani? Yana shan wani magani? An yi masa allurar rigakafin ciwon hauka, yaushe, ina kuma katin? Ku kuma daidaita maganar kuɗin abinci da na magani tun da wuri, ka karɓi lambar wayar da za ka same shi. Kunyar maganar kuɗi a yau ita ke kawo ɓacin rai tsakanin 'yan'uwa gobe.

Ka roƙi mai shi ya bar maka kwanon da karen ya saba ci a ciki, da buhu ko tsumman da ya ke kwana a kai, da wata tsohuwar riga tasa wadda ba a wanke ba. Kare da hanci ya ke sanin duniya. Warin ubangidansa a jikin rigar nan ya fi duk wani lallashi kwantar masa da hankali.

In kuwa gidanka ba katanga ko darni mai kyau, ko kuwa yara ƙanana sun yi yawa ba mai lura da su, ka faɗa wa ɗan'uwanka gaskiya ya nemi wani wuri. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

DALILIN TAMBAYAR ALLURA

Tambaya ta shida ita ce uwa, don ciwon haukan kare ba abin wasa ba ne. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar da ta kamu. Ta wurin cizo, ko yaƙushi, ko lasar miki ta ke shiga jikin mutum, ta bi jijiya sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci ta kan yi wata biyu ko uku kafin ta nuna, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. In ta riga ta nuna, kusan ba mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 59,000 ke mutuwa da ita ko wace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan dukansu ta wajen kare su ka samu. Cikin ko wane mutum 10 da kare mai alamar hauka ya ciza, wajen 4 yara ne waɗanda ba su kai shekara 15 ba.

Abin farin ciki, akwai rigakafi. Wani masani ɗan ƙasar Faransa, Louis Pasteur, shi ya fara gwada allurar a jikin wani yaro ɗan shekara 9 a cikin 1885, yaron kuwa ya rayu. A ƙasarmu ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda ta ke can tun 1924, tana yin allurar karnuka. A kan yi wa kwikwiyo in ya cika wata uku, sa'an nan a maimaita shekara shekara. In karen da za a bar maka ba shi da kati, ko kuwa shekara ta wuce, ku kai shi asibitin dabbobi a yi masa tun mai shi bai tafi ba. Ku tambayi likitan kuma maganar allurar cutar nan mai sa kwikwiyo amai da gudawar jini, don tana kashe su da yawa.

WURIN ZAMANSA

Zaɓar masa wuri ɗaya, wanda ba hanyar mutane ba, mai inuwa dukan yini, mai iska, wanda kuma ya ke da ƙofar da za a rufe. Yawancin gidajenmu ba a shigar da kare ɗakin kwana, wannan kuwa ba zai hana shi jin daɗi ba. Wani ɗan ɗaki da ba a amfani da shi, ko kusurwar shago, ko akurki babba mai tsabta, duk sun isa. Sa masa kwali ko kwando a kife ta gefe, a shimfiɗa buhunsa da rigar nan a ciki. Kare mai tsoro yana son rami inda zai lafe ya ga kowa, kowa bai taɓa shi ba. Ka kafa doka a gidan: in ya shiga wurin nan ba mai jawo shi.

Zaga gidan ka duba da idon kare. Kafar magudanar ruwa da ke gindin katanga, wadda kaza ke bi, ƙaramin kare ma zai bi. Toshe ta da dutse ko waya. Duba ƙarƙashin ƙyaure da gindin darni. Rufe bakin rijiya da na masai. Share tarin itace da duwatsu da ke kusa, don nan kunama da kububuwa su ke fakewa, dafin da zai kwantar da babban mutum kuwa ƙaramin kare ba ya ɗaukarsa.

In tilas sai an ɗaure shi, kada a yi da waya, kada kuma a yi zarge. Abin wuya na fata ko na ƙyalle mai faɗi ya fi, a bar sararin da yatsa biyu za su shiga, ba fiye ba, don kada ya zare kansa. Ƙananan karnuka maƙogwaronsu ba shi da ƙarfi, sabo da haka ɗaurin da ke zagaya ƙirji da kafaɗu ya fi musu na wuya. Kada a kafa turke kusa da gajeriyar katanga ko bakin rami, don in ya firgita ya yi tsalle zai rataye kansa. Ɗauri kuma na ɗan lokaci ne. Kare da ya yini ya kwana a turke tsoronsa ƙaruwa ya ke yi, ya koma faɗa.

KWANA UKUN FARKO

Yawancin karnukan ajiya da su ke ɓacewa, a kwanakin farko su ke gudu, neman gidansu. Don haka kada a sake shi a waje ko sau ɗaya, kome ladabin da ya nuna. In za a fita da shi ya yi bayan gida, safe da yamma da kuma bayan cin abinci, a riƙe igiya. A gargaɗi mutanen gida su riƙa rufe ƙofar zaure, masu talla da almajirai kuma su tsaya daga waje.

Mutum ɗaya ya ɗauki nauyinsa, shi zai riƙa ba shi abinci a lokaci ɗaya kullum. Kada ka tsaya a kansa, kada ka zura masa ido, kada ka miƙa hannu ta saman kansa, don duk waɗannan a wurin kare alamar faɗa ce. Tsuguna nesa kaɗan, ka juya masa gefe, ka jefa ɗan nama kusa da shi, ka yi shiru. Yau ya ɗauka ya gudu, gobe ya ɗauka ya tsaya, jibi ya zo ya shinshina ƙafarka. Bar shi shi ya fara zuwa. Sannu ba ta hana zuwa.

Zai yi kuka da dare, watakila ya yi fitsari inda bai kamata ba. Kada a doke shi, kada a yi masa tsawa. Bai san laifin da ya yi ba, abin da zai koya kaɗai shi ne hannunka abin tsoro ne, wata rana kuwa sai ya tare hannun da haƙori.

Kaji da 'yan tsaki da awaki a raba su da shi tukuna. Akuya mai 'ya'ya ta kan tunkuyi ƙaramin kare ta karya masa haƙarƙari, jaki kuma harbi ɗaya ya ishe shi. In kana da naka karen, a fara haɗa su a waje, ko wanne da igiyarsa, abincinsu kuma dabam dabam.

ALAMUN TSORO, DA MAGANAR YARA

Kare ba ya cizo sai ya ba da sanarwa, mu ne dai ba mu iya karantawa ba. In ka ga ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ya kwantar da kunnuwa baya, yana lasar baki ba abinci, yana hamma ba barci, yana kau da kai har farin idonsa ya fito, to, cewa ya ke yi a ba shi wuri. In ya sandare ya daina motsi, ko ya fara gurnani, saura ƙiris. Ja da baya. Kada a hore shi don ya yi gurnani, don karen da aka hana gurnani shi ke cizo ba sallama.

Yara su ne abin ji. Ɗan ƙaramin kare mai gashi kamar 'yar tsana ya ke a idonsu, su na son su ɗauka, su runguma, su ja wutsiya. Fuskar yaro kuma daidai bakin kare ta ke. Tara su ka gaya musu dokoki huɗu: ba a taɓa shi yana ci, ba a taɓa shi yana barci, ba a bin shi da gudu, ba a ɗaukarsa. Ka ƙara musu ta biyar, wadda ta fi duka: duk wanda karen ya ciza ko ya yaƙusa, kome ƙanƙantar wurin, ya faɗa nan da nan, ba za a doke shi ba. Yara da yawa su kan ɓoye cizo don tsoron bulala, sai bayan wata biyu a ga abin da ba shi da magani. Jariri da mai rarrafe kuwa kada a bar su da kare su kaɗai ko na ƙiftawar ido.

CI DA SHA

Ba shi abin da ya saba ci. Canjin abinci farat ɗaya ya kan kawo gudawa. In tilas ne a canja, a riƙa gauraya sabon da tsohon kaɗan kaɗan har mako guda. Ƙaramin kare cikinsa ƙarami ne, sau biyu ko uku a yini ya fi masa sau ɗaya mai yawa, kwikwiyo kuwa sau uku ko huɗu. Tuwo ko shinkafa da ɗan nama, ko kifi da aka cire wa ƙaya, ko dafaffen ƙwai, sun yi. In ya ƙi ci a ranar farko, ba abin tashin hankali ba ne, ajiye masa ka ba shi wuri. Amma in babba ya kwana biyu bai ci ba, ko kwikwiyo ya yini, ko kuwa amai ya biyo baya, sai wurin likitan dabbobi.

Akwai abubuwan da mu ke ci lafiya, su kuwa su cuce su. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, su na lalata jinin kare, don haka kada a juye masa sauran miya. Goro da cakulan da kofi su na sa zuciyarsa bugawa fiye da kima, har ya kai ga farfaɗiya, ɗan kaɗan kuwa ya ishi ƙaramin kare. Inabi da zabibi su kan kashe ƙoda. Dafaffen ƙashin kaza ya kan tsage ya soke hanji. Madara kuma ta kan sa manyan karnuka da yawa zawo.

Ruwa mai tsabta ya kasance a gabansa dare da rana, cikin kwanonsa na kansa, a wanke kullum. Kare mai nauyin kilo 5 ya kan sha kusan sulusin lita a yini, da bazara kuwa fiye da haka.

GUBA A GIDAN MANOMI

Gidan manomi cike ya ke da abin da zai kashe kare. Maganin ɓera, da maganin feshi, da hodar da a ke gauraya iri da ita kafin shuka, da takin zamani, duk a ɗaga su sama ko a kulle. Ɓeran da ya ci guba ya mutu, a binne shi da zurfi. Ƙwayar nan da a ke sa wa buhunan wake da masara don kashe ƙwari, iska mai guba ta ke fitarwa. Kada kare ya kwana a ɗakin da aka sa ta, haka ma mutum.

In ka ga kaska ko ƙuma a jikinsa, kada ka yi masa wanka da maganin feshin gona, ko kananzir, ko baƙin mai. Fata tana shan su. Kama kaska daf da fata ka zare ta a hankali, sauran kuma ka nemi maganin da aka yi don karnuka. Haka nan kada ka ba shi maganin ciwon kai ko na ciwon jiki irin namu na mutane, don ƙwaya ɗaya ta kan huda cikin ƙaramin kare ko ta taɓa hantarsa.

Alamun guba su ne dalala mai yawa, da amai, da makyarkyata, da tangaɗi, ko jini ta hanci ko ta bayan gida. Kada ka tsaya ɗura masa manja ko madara, zai iya shaƙewa. Ɗauki kwalbar ko takardar maganin da ka ke zato, ku tafi asibitin dabbobi tare da ita.

ZAFI DA ƘARA

Kare ba ya gumi kamar mu, da haki ya ke fitar da zafi. Masu yawan gashi da masu gajeren hanci su su ka fi wahala a watannin Maris da Afrilu da Mayu. Kada a bar shi a ɗakin kwano a rufe da rana, ko cikin mota, kada kuma a fita da shi da tsakar rana. In ka ga haki ya yi tsanani, harshe ya yi ja wur, yana layi, kai shi inuwa, ka zuba masa ruwan randa a jiki, musamman ciki da ƙafafu, ka yi masa fifita, sa'an nan a nemi likita.

Kunnen kare ya fi namu ji nesa ba kusa ba. Tsawar farkon damina, da bindigar biki, da abin fashewar da yara ke wasa da shi lokacin salla, su kan sa shi ya tsinke igiya ya bi uwa duniya. In ka san za a yi biki a unguwa, ko ka ga hadari ya haɗu, shigar da shi wurinsa tun da wuri ka rufe ƙofa, wanda ya saba da shi ya zauna kusa.

IN ABIN YA AUKU

In ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15 cur, a duba agogo. A shafa aidin in akwai. Kada a sa toka, ko barkono, ko gashin karen, kada kuma a ɗaure wurin tam. A tafi asibiti a ranar, tare da katin allurar karen, likita shi zai faɗi abin da za a yi. Karen kuwa kada a kashe shi don fushi. A tsare shi kwana 10, ana ba shi ci da sha, a sanar da ma'aikatan dabbobi. In da cutar a yawunsa ranar da ya yi cizon, zai nuna ciwo ko ya mutu cikin kwanakin nan. Amma wanda aka ciza ba zai zauna jiran kwana goman ba, da allura a ke jira. Haka kuma in wani baƙon kare ya ciji na ajiyar, a kai shi wurin likitan dabbobi ko da yana da kati.

In ya gudu, kada a tara yara a bi shi da ihu, ƙara nisa zai yi. A fara duba hanyar gidan ubangidansa, don can ya nufa. A ajiye buhunsa da rigar nan da ɗan abinci a ƙofar gida, a duba da asuba da bayan magariba, lokacin da gari ya yi shiru. A gaya wa mai unguwa da maƙwabta da wuri, don akwai masu kama karnukan da ba su da mai su, su kai kasuwa. A kuma buga wa mai shi waya a ranar, kada a ɓoye, shi ya san inda karensa ya ke zuwa.

MAYAR DA AMANA

Malamai sun ce wanda aka ba ajiya, in ta salwanta ba da sakacinsa ba, ba ya biya, amma in ya yi sakaci, biya ya hau kansa. Ƙofar da aka bari a buɗe, da gubar da aka bari a ƙasa, sakaci ne ba shakka. Ran da ɗan'uwanka ya dawo, ka miƙa masa karensa da katinsa, ka gaya masa duk abin da ya faru, mai daɗi da marar daɗi, har da lissafin abin da aka kashe. Wanda ya riƙe amanar kare yau, shi za a ba amanar saniya gobe. Allah ya ba mu ikon riƙewa, ya kuma dawo da matafiyanmu lafiya, amin.